An Sa Nababa Cikin Matattu

Duk wanda ya san Nababa a ƙauyenmu, Dinya Uku, ya san shi da bin Dallatu Mai Gurmi. Ni kuwa na san shi da taurin kai tun kafin wannan, don tare muka tashi. Sunana Barira. Mahaifina da mahaifiyarsa, Gwaggo Adama, ciki ɗaya suka fito, saboda haka taubashina ne, bakina a buɗe yake a kansa tun muna wasan ƙasa. Abin da zan faɗa a nan na sha faɗa masa ido da ido, ba gulma ba ce.

Nababa manomi ne, in har za a kira mai wannan 'yar gona manomi. A wajenmu gonaki a manne suke da juna, gado ya yanka ya sake yankawa, har ta kai in ka yi atishawa a taka sai maƙwabci ya yi maka addu'a daga tasa. Geron da yake samu ba ya kai shi bazara. Da rani yakan tafi Watari ƙodago, ya yi wa masu tumatir da albasa ban-ruwa. Yana da mata, Halimatu, da 'ya'ya da suka tasa. Ba ya shan taba, ba ya caca, ba a taɓa kai ƙararsa wurin mai unguwa ba. Cutarsa ɗaya ce tak, ita ce Dallatu.

Dallatu mawaƙin manoma ne da 'yan kokawa, mutumin wajen Tofa. Daga shi sai gurminsa, da masu kalangu, da 'yan amshi. Da kaka, in an gama girbi an kai dami gida, samari kan shirya kokawa ko kalankuwa su gayyato shi, ya yi wasa daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Nababa ya fara ganinsa ne yana saurayi, ranar da Gwaggo ta aike shi kasuwar Tsanyawa sayo igiyar ɗaure akuya. Ya dawo ba igiya, ba bayani, yana ta gunagunin waƙa. Akuyar ta kwana a sake ta ci shanyar maƙwabta. Daga ranar ba mu ƙara samun Nababa cikakke ba.

Sama da shekara talatin ke nan yana wannan bi. Da can da keke, da keken ya mutu ya koma bas, in babu na bas ya roƙi direban a-kori-kura ya hau kan buhuna. Bichi, Bagwai, Shanono, Kunci, ƙauyukan da ko sunansu ban iya ba. Yadda yake jin inda za a yi wasa, shi da direbobi da masu sayar da goro suka sani. Ranar sunan ɗansa na fari sai da aka gama rabon waina ya iso, ƙafa fututu. Ranar da aka yi wa kawunmu gayyar sussuka, aka nemi Nababa sama ko ƙasa aka rasa. Halimatu ta yi faɗa, ta yi yaji, ta dawo, ta gaji ta sa masa ido. Gwaggo kuwa ba ta kiran sunan Dallatu ba tare da ta yi tsaki ba. Takan ce, “Ni na haifa, mai gurmi ya samu.”

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk wannan wahala Nababa bai taɓa yi wa Dallatu magana ba. Ko sannu. Na gani da idona, don ina kai tallan dafaffiyar gyaɗa da ƙuli wuraren wasa tun da mijina ya rasu. Zai zo da wuri, ya wuce gefen hagu na makaɗa, ya tsaya ya goya hannuwa a baya, leɓensa na motsi. Ba ya rawa, ba ya ihu, ba ya shiga fili ya yi liƙi, don ba shi da abin liƙawa. In an tashi, ya kaɗe rigarsa ya nemi hanyar gida.

Na taɓa tare shi na ce, “Wai kai, bawan Allah, me kake samu? Mutumin nan ko sunanka bai sani ba.”

Ya ce, “Ke Barira ba za ki gane ba. In ya ɗauko Waƙar Huɗa, sai in ji kamar gonata ta tashi daga nan har Kunci.”

Na ce, “To ka je ka girbe ta, mu ga dami.”

Waƙar Huɗa ita ce babbar waƙar Dallatu, da ita yake rufe wasa. Kamar kowane maroƙi, a cikinta yake wasa manyan manoma da dillalan hatsi, wanda ya ba shi ya ji sunansa, wanda bai ba shi ba ya ji na maƙwabcinsa. Amma a ƙarshenta akwai wani wuri da ba a saye. Sai a sassauta kiɗa, kalangu ya koma ƙasa-ƙasa, Dallatu ya fara jero mutanensa da suka rasu: tsofaffin 'yan kokawa, sarakunan noma, makaɗansa na farko. Kowa ya ambata, 'yan amshi su ce, “Ƙasa ta karɓa, mu muna tafe.” A nan ko masu ciniki sukan yi shiru.

Wata shekara, ba da daɗewa ba, Nababa ya dawo daga Watari da zazzaɓi. Muka ce na sauro ne, aka yi jiƙe-jiƙe, abu ya ƙi. Ranar da aka ɗauke shi zuwa asibiti a Kano bai san inda kansa yake ba. Ya dawo gida kamar kara, ya kwanta damina guda, ya haɗa da kaka, ko masallaci ba ya iya zuwa. Wannan ce kaka ta farko da aka yi wasan Dallatu babu shi. Ni dai a raina na ce, to, ko ba komai ciwo ya yi mana maganin abin da faɗa ya kasa.

Ashe da sauran aiki. Da wata kakar ta zagayo, ƙarfinsa ya ɗan dawo, aka ce akwai kokawa a wani ƙauye gaba da Bagwai. Bas ɗaya muka shiga, ni da farantin gyaɗata, shi da sandarsa. Motar ta yi faci a hanya, muka isa wuri ya cika. Ba shi da ƙarfin kutsawa, sai ya tsaya can baya a gindin mangwaro. Aka yi kokawa, aka yi kaye, rana ta yi sanyi, Dallatu ya ɗauko Waƙar Huɗa. Ina cikin auna wa wata mata gyaɗa aka sassauta kiɗa. Ya jero mutanensa da na saba ji. Sai kuma na ji ya ce:

“Allah jiƙan Nababa ɗan Adama,
Na Dinya Uku, mai tsayuwar hagu.
Bai taɓa miƙo mini ko goro ba,
Bai taɓa bari na waiga na rasa shi ba.
Yau na waiga, sai fili.”

'Yan amshi suka ce, “Ƙasa ta karɓa, mu muna tafe.” Jama'a suka ce amin.

Gwangwanin awo ya suɓuce daga hannuna. Na bar farantin a wurin matar na ruga gindin mangwaro. Na tarar da marigayin ya juya wa fili baya, ya kifa goshi a jikin itace, kafaɗunsa na rawa. Tun muna yara ban taɓa ganin Nababa yana kuka ba, ko ranar da aka binne mahaifinsa.

Na ce, “Kai, tashi mu je ka nuna musu kanka. Wane irin mugun fata ne wannan?”

Ya riƙe mini gefen mayafi. “Barira, ki rufa mini asiri. Kin ji abin da ya ce? Ashe yana ganina.”

“Yana ganinka, shi ya sa ya kashe ka?”

“In na fito zai cire. Mai rai sai ya biya ake sa shi. Ni me zan biya da shi?”

Na dube shi, dariya na cina, takaici na cina. Na koma na ɗauki farantina.

Daga nan Nababa ya shiga sabuwar sana'a, wato zuwa jin ta'aziyyar kansa. Ya daina tsayawa hagun makaɗa. Ya sayi tsohon rawani yana naɗe fuska sai ido, ya laɓe a can bayan masu sayar da rake. In aka zo wurin sunansa sai ya sunkuyar da kai, in jama'a suka ce amin shi ma ya ce amin. Duk wanda ya gane shi daga mutanen wajenmu, sai ya bi shi da roƙo kada ya kai labari. Su kuwa abin nema ya samu. Kafin kakar ta ƙare babu mai kiransa Nababa a Dinya Uku, sai Marigayi. “Marigayi, an tashi lafiya? Ya makwanci?” Mata a wurin niƙa suna tambayar Halimatu yaushe za ta fita takaba. Liman ya kira shi ya yi masa nasiha, ya ce ba kyau mutum ya ji ana yi masa addu'ar mamaci ya yi shiru. Nababa ya ce to, ya fito ya yi kunnen uwar shegu.

Abin mamaki, sai ga shi yana ƙiba. Mutumin da aka haifa da fuskar gajiya ya koma yana murmushi shi kaɗai a gona. Da a nan abin ya tsaya, da na ƙyale shi da haukarsa. Ni ma na gaji da faɗa da wanda ba ya ji.

Amma akwai Gwaggo. Ta tsufa ƙwarai, ruɗin tsufa ya fara kama ta. Za ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba, ta kira ni da sunan mahaifiyata, ta tambayi mutanen da suka daɗe a ƙasa. Ni nake kula da ita, kullum da safe in zo in yi mata wanka in dama mata kunu, don ta fi yarda da hannuna. Ɗakinta yana jingine da katangar waje, a bayan katangar kuma akwai rumfar Naziru mai cajin waya, inda samari ke yini suna tura wa juna waƙoƙi.

Wata rana da hantsi ina taje mata kai, sai muryar Dallatu ta tsallako katanga. Wani ne ya ɗauko wasan a waya. Kafin in miƙe in yi musu tsawa an riga an zo wurin. Na ji kan Gwaggo ya sandare a hannuna. Tsohuwar da ba ta tuna abin da ta ci da safe, ta ji sunanta da na ɗanta sarai.

Ta ce, “Barira, Nababa ne ya rasu ba ku gaya mini ba?”

Na ce, “Gwaggo, ƙarya ce. Yana gona, yanzu zai shigo.”

Ta fara salati, hawaye na bin tamojin fuskarta. Na aika aka kira shi, ya shigo da fartanya a kafaɗa, ya durƙusa a gabanta ya ce, “Inna, ga ni. Ni ne Nababa.”

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta ce, “Sannu, bawan Allah. Gaisuwa ka zo yi mana? Allah ya ba da lada.”

“Inna, ni ne fa. Waƙa ce kawai, kuskure aka yi.”

“Mai gurmi ya faɗa, kowa ya ji. Shi ke tare da shi kullum, shi zai san halin da yake ciki. Ni yaushe rabon da in gan shi?”

Na zaci za ta manta zuwa la'asar, kamar yadda take manta komai. Ta manta ɗin, kwana biyu. Sai wani mai babur ya wuce da waƙar, ta sake jin rasuwar ɗanta sabuwa fil, ta sake yin kukan daga farko. Nababa ya je ya roƙi Naziru ya goge ta, Naziru ya goge. Amma waƙa in ta shiga waya ta zama ruwan da ya zube. Tana wurin mai shayi, tana wurin masu niƙa, tana aljihun yaran da ke kiwo. A hankali abin ya zauna mata, ko ba ta ji ba tana riƙe da shi. Duk abin da ta sani ya zube, wannan ɗaya ya tsaya. Ta daina karɓar kunu. In na matsa mata sai ta kau da kai ta ce, “Uwar da ta binne ɗa, me za ta yi da abinci?”

Na yi haƙuri mako guda ina ɗura mata ruwa da cokali. Ranar da na ɗaga ta na ji ba ta fi damin kara nauyi ba, na je na sami Nababa a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ban yi masa wasan taubasai ba ranar.

Na ce, “Uwarka za ta mutu da baƙin cikin mutuwarka, kai kuma kana nan kana jin daɗin ta. Ba ta yarda da ni ba, ba ta yarda da liman ba, ba ta yarda da kai ba. Bakin da ya kashe ka shi kaɗai za ta ji. Jibi akwai kokawa a Tsanyawa. Ko ka je da ƙafarka, ko in je in tona ka a tsakiyar fili.”

Ya daɗe yana jujjuya ƙotar. Ya ce, “Barira, ni fa ban taɓa samun komai ba. Gona kin gan ta. Makaranta ban yi ba. Ko a masallaci sahun baya nake. Wannan baitin kaɗai ne nawa.”

Na ce, “Na sani. Ita ma kai kaɗai ne nata.”

Ranar kokawar, da na fito bakin titi, na tarar da shi zaune a kan dutse yana jiran bas, ba rawani.

Mun isa Tsanyawa bayan azahar, ana yayyafa wa fili ruwa. Wasannin yanzu ba kamar na da ba ne. Samari sun fi son a kawo musu manyan lasifika da waƙoƙin waya, masu zuwa jin gurmi yawanci masu furfura ne. Muka sami Dallatu a wata rumfa bayan fili, zaune kan tabarma yana ɗaure tsirkiyar gurminsa. Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Tsoho ne tukuf, wuya duk jijiya, idanunsa sun yi fari da yana. Ɗansa Kamaruddeen, wanda ke jan 'yan amshi, shi ya tare mu ya tambayi abin da ke tafe da mu. Ni na yi sallama na durƙusa.

Na ce, “Baba, mun zo ne daga Dinya Uku. Wannan shi ne Nababa ɗan Adama, wanda kake yi wa addu'a.”

Hannun tsohon ya tsaya a kan tsirkiya. Ya ce, “Wane Nababa?”

“Mai tsayuwar hagu.”

Ya ce a matso da shi bakin rumfa inda haske yake. Ya sa shi ya tsaya, ya ce ya goya hannuwansa a baya. Ya ƙura masa fararen idanun nan. Sai ya ce, “Innalillahi. Shi ne. Fuska ba na gani yanzu, amma tsayuwar nan ko a cikin dubu na san ta.” Ya ajiye gurmin. “Kai, ɗan nan, ka cuce ni. Kaka biyu ina yi maka kuka a gaban mutane.”

Nababa ya zube a ƙasa ya ce, “Baba, ka yafe mini. Ciwo na yi.”

“Na san ka yi ciwo. Da na ga wurinka fili wasa bayan wasa, na sa Kamaruddeen ya bincika. Wani direba ya ba shi sunanka da na mahaifiyarka, ya ce an wuce da kai Kano ba ka san kowa ba. Na jira har kaka ta ƙare. Na ce da yaran nan, mutumin nan in da yana numfashi da ya zo, ko da rarrafe. Ban tambayi kowa ba kuma. To da ka warke fa? Ina ka shiga?”

Ni na karɓi maganar na faɗa wa tsohon komai, da rawanin, da masu rake, da Gwaggo da kunun da ta ƙi sha. Na ce ba cirewa kaɗai muke so ba, so muke ta ji daga bakinsa cewa ɗanta na raye.

Tsohon ya daɗe yana girgiza kai. Ya ce, “Da ka zo ka ce mini sannu sau ɗaya a shekarun nan, da duk ba a yi haka ba.” Ya juya wajen da yake jin numfashin Nababa. “Zan yi, saboda tsohuwa. Amma ka sani, yau kaɗai ne. Daga gobe babu kai a Waƙar Huɗa. Ba zan bar mai rai cikin matattu ba, kuma ba zan sa ka cikin masu rai kyauta ba, don da wannan wurin yaran nan ke ci. In na buɗe ƙofa, gobe kowa ya zo da labarinsa. Ka yarda?”

Na dubi Nababa. Ya ce, “Na yarda, Baba.”

“To je ka tsaya inda ka saba.”

Ya je ya tsaya. Na ba Kamaruddeen 'yar wayata ya nuna mini inda zan danna ta ɗauki murya. Aka yi kokawa, ban san wa ya ka da wa ba. Da rana ta yi sanyi aka ɗauko Waƙar Huɗa, aka wasa masu hatsi, aka sassauta kiɗa. Dallatu ya jero mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo inda Nababa yake, sai ya ɗaga hannu kalangu ya tsaya cak. Ya kaɗa gurmi shi kaɗai ya ce:

“Jama'a ku tsaya, na yi kuskure,
Na binne mutum da ransa.
Adama ta Dinya Uku, share hawaye,
Ɗanki Nababa yana nan.
Ga shi tsaye a haguna, da ƙafarsa ya zo.”

Fili ya ɗauki sowa. Wasu na dariya har da riƙe ciki, wasu na kabbara, yara na turereniya su ga wanda ya dawo daga lahira. Wani ɗan kokawa ya zo ya ɗaga hannun Nababa sama kamar shi ya yi kaye. Shi kuwa yana tsaye kamar an dasa shi, ko murmushi babu. Kafin hayaniyar ta lafa Dallatu ya wuce zuwa mamaci na gaba, 'yan amshi suka karɓa, waƙa ta ci gaba da tafiyarta.

A bas ɗin dawowa Nababa ya kama kujerar gefe. Ni kuwa ban tsokane shi ba, na ƙyale shi yana kallon karan dawa ta taga. Na gaji har cikin ƙashina, kuma tausayinsa ya kama ni, abin da ban saba ba.

Washegari da hantsi na dama kunun tsamiya, muka shiga ɗakin Gwaggo tare. Tana kwance ta fuskanci bango. Na tashe ta zaune, na jingina ta da jikina, Nababa ya zauna a bakin gado riƙe da kwanon kunu. Na ce, “Gwaggo, mai gurmi ya aiko miki da saƙo.” Na kara mata wayar a kunne.

Ta saurara. Ta ce in sake. Na sake. A na biyun ta kama hannuna ta matse. Ta ce, “Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Ashe yana nan. Barira, kin ji? Da ƙafarsa ya je.” Ta yi dariya, irin wadda na manta tana da ita. Ta ce, “Yunwa nake ji.”

Nababa ya matso da sauri, ya ɗebo kunu a ludayi ya kai bakinta. Ta sha. Ya ƙara, ta sha. Garin sauri har yana zuba mata a zane, ba ta damu ba. Da ta sha kusan rabi ta ɗago ta dube shi da kyau, ta yi masa murmushi.

Ta ce, “Kai ne ka kawo saƙon? Daga wurin wasan kake?”

Ya ce, “Daga can nake, Inna.”

“Allah ya yi maka albarka. To in ka koma, yana nan hagun makaɗa, ba za ka rasa shi ba. Ka ce uwarsa ta ce ya zo gida haka nan. Na gaji da jira.”

Nababa ya dubi kwanon da ke hannunsa. Ya sake cika ludayin.

Ya ce, “To, Inna. Zan gaya masa.”